Kifin Kududdufi na Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da shida Baba Feshi ya yi yana goyon tankin maganin sauro, har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ta bar ta dama a sama. Ranar da aka zo ɗaukar hoton katin aiki, mai hoto ya ce masa ya miƙe sosai, ya ce ai a miƙe yake, kyamarar ce ta karkace. Takardar makaranta ɗaya ce gare shi, ta gama firamare, ita ma gara ta ci wajen sa hannun hedimasta. Aikinsa a sashen duba-gari bai taɓa canjawa ba. A ba shi takarda mai jerin kududdufai da kwatoci, kowanne da lambarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsoma ludayin gwangwani ya duba ko akwai tsutsar sauro, ya fesa magani, ya dawo ya rubuta "an fesa" a gaban lambar. In aka tambaye shi abin da ya yi a duniya, sai ya ce ya kashe sauro fiye da kowa a garin, kuma har yau sauro bai san an yi ba.

Ba ya son magana, ba ya kuma yarda da ita. A taron ofis kusa da ƙofa yake zama, hula a gwiwa. Ya ga shugabanni shida sun zo da jawabi sun tafi da jawabi, tankin da ke bayansa kuwa nauyinsa na nan yadda yake.

Kududdufi na goma sha bakwai yana bayan injin yankan katako, tsakanin garejin makanikai da wata katanga da ba a gama ba. Rami ne da masu yin titi suka ɗebi ƙasa suka bari. Da damina ruwa ya kan kai cinya a tsakiya, kalar shayi mai madara, ciyawa ta kewaye bakinsa, rana ta dafa shi har ya yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Wata huɗu yake yi, sannan ya ƙafe, laka ta bushe ta tsattsage, awaki su dawo su kwanta a kai.

Shekara goma sha tara ke nan da aka fara sa shi a jerinsa. Ran da ya fara zuwa, ya tsoma ludayi sau goma bai ga tsutsa ko ɗaya ba, alhali na goma sha shida da ke can gaba kaɗan tsutsa har tana cin karo da juna. A tsomi na goma sha ɗaya sai ga wani ɗan kifi a cikin gwangwanin, bai kai ƙaramin yatsansa tsawo ba.

Ya tsuguna ya zuba masa ido. Kan a shafe yake ta sama, kamar an danna da babban yatsa. Bakin yana kallon sama, leɓen ƙasa ya zarce na sama, irin bakin ma'aikacin da aka tsallake wajen ƙarin girma. Fiffiken baya ba a tsakiya yake ba kamar na sauran kifaye, ya ja can baya kusa da wutsiya, daidai saitin na ƙarƙashin ciki, wutsiyar kuma zagayayya kamar bakin cokali. Sai kalar. Jikin shuɗi ne mai ɗan kore, yana walƙiya in ya juya, kowane ɓawo na jikinsa an zagaye shi da jan zare, kamar an lulluɓe shi da raga. Wutsiyar ja wur, da baƙin layi a gefe. Idon ruwan zinariya ne, wani baƙin zane ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa. A cikin wannan ruwan da ko kare sai ya yi shawara kafin ya sha.

Ya ɗebo tsutsa daga na goma sha shida a wata leda da ya tsinta ya zuba a gwangwanin. Kafin ya gyara tsugunonsa babu ko ɗaya. Nan ya gane amfanin wannan bakin mai kallon sama: tsutsar sauro a fuskar ruwa take rataye tana shan iska, shi kuwa ta ƙasa yake zuwar mata. Ya dubi kifin, ya dubi tankin da ya karya masa kafaɗa. Wannan ɗan abin yana yin aikinsa, ba albashi, ba takalmin roba, kuma ya fi shi iyawa.

Akwai wasu a ramin masu kalar ruwan wanke-wanke, fukafukansu farare kamar leda, cikinsu a cike. Shekara biyu yana ɗauka wani irin kifi ne daban, har ranar da ya ga mai jan wutsiya ya rungumo ɗaya da fiffikensa ya danna ta cikin lakar ƙasa, suka yi rawar jiki suka rabu. Mutum mai 'ya'ya bakwai, sai da ya shekara biyu kafin ya gane miji da mata. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne inda suke zuwa in ruwa ya ƙafe. Ya ga gawarwakinsu a laka, tsuntsaye na tsinta, ba wanda ya tsira. Amma sati uku bayan ruwan farko sai ga su, kamar ba a yi komai ba. Makanikai suka ce daga sama suke faɗowa tare da ruwa. Wata rana da rani ya ɗebo busasshiyar laka daga tsakiyar ramin zai toshe tsagar katangar gidansa, ya jiƙa ta a tsohon kasko, aka kira shi jana'iza ya manta. Washegari ya tarar da wasu abubuwa kamar gashin ido suna iyo a ciki. Ashe ƙwai suke binnewa, ƙwan ya kwanta a busasshiyar ƙasa wata takwas yana jiran ruwa.

Bai taɓa fesa wa ramin nan magani ba, ko ɗigo. Amma gaya wa shugaba zai jawo bayani, bayani zai jawo rubuta wasiƙa, wasiƙa za ta jawo taro. Kalma biyu sun fi sauƙi. Duk sati da damina sai ya rubuta "an fesa" a gaban goma sha bakwai, da kyakkyawan rubutu. Ƙarya ce, ya kuma yi ta kusan sau ɗari uku da hannunsa.

Sai aka kawo sabuwar shugabar sashe, sa'ar 'yarsa ta biyu. Ba ta da girman kai, tana gaishe shi kafin ya gaishe ta. Aibinta ɗaya: tana karanta takardu. Ta sa aka fito mata da tsofaffin fayil daga sito, ta kaɗe musu ƙura, ta karance su tas. Ta ce ramukan da ke cinye magani kowace shekara, gara a cike su da ɓaraguzai kafin ruwa ya sauka a huta. Ta kafa jeri a allon sanarwa. Na farko a jerin, ramin da takarda ta nuna ba a taɓa tsallake shi ba ko sati ɗaya.

Baba Feshi ya karanta sau biyu. Ya cire hula ya shiga ofishinta. Direban sashen na ciki yana jiran ta sa masa hannu a takardar mai.

"Ranki ya daɗe, goma sha bakwai kada a cike shi."

"Me ya sa, Baba?"

"Akwai kifi."

"Jiya na je wurin. Akuya na gani kwance a tsakiya."

"Suna ƙarƙashin akuyar."

Direba ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta saurari ɗan abin da ya iya faɗa, na ƙwai da laka da tsutsa da ja da shuɗin jikin kifin, sannan ta jawo fayil ta buɗe.

"To Baba, in akwai kifi, maganin da kake fesawa duk sati bai kashe su ba?"

Ya dubi fanka. Ya dubi hularsa.

"Ban taɓa fesawa ba."

"Wannan ba rubutunka ba ne?"

"Nawa ne."

"Maganin fa?"

"Na ƙara wa sha shida da sha takwas. Suna buƙata."

Ta rufe fayil ɗin. Ta ce tifar ɓaraguzai za ta fara aiki Litinin ta sama, kwana goma ke nan, ita kuma ba za ta soke abu a kan maganar mutumin da yanzun nan ya gaya mata takardunsa ƙarya ne ba. Ya ce gaskiyarta, shi ma da shi ne ba zai yarda ba. Ya ce bayani bai iya ba, a ba shi kwana uku kawai.

Ya shiga sito ya ɗauki bokiti da shebur, ya ɗauraye bokitin sau biyu. Ya haƙo laka daga inda ruwa ke ƙafewa a ƙarshe, zurfin tafin hannu. Bai zuba ruwan famfo ba, don ya san akwai sinadari a ciki, ya je har rijiyar masu katako ya jawo. Yana ta jin daɗin kansa a kan wannan wayon. Ya ajiye bokitin a barandar ofis, ya jawo benci ya zauna kusa da shi kamar mai jinya.

Rana ta farko babu komai. Ta biyu, Direba ya zo da ƙugiya ɗaure a tsinken tsintsiya.

"Baba, in sun fito a ajiye mini kai, uwargida na son romo."

"Wuce ka wanke motarka."

"Ko dai sun tafi hutu ne? Ka san ma'aikatan gwamnati ne su ma."

Mai shara ta tambaya ko za ta iya zubar da wannan ƙazantar. Masinja ya fara kiransa Sarkin Ruwa. A rana ta uku Shugaba ta fito, ta leƙa bokitin, ruwa ya kwanta fes, babu abin da ke motsi. Ta juya ta koma ciki. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya ɗaure bokitin a bayan babur ya kai gida, don ba zai iya zubar da shi a gaban Direba ba. Matarsa na tsakar gida tana ninke wanki. Ko sallamarsa ba ta gama amsawa ba ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, fitar mini da wannan abin! Sau nawa zan ce kada ka shigo mini da kayan maganinku?"

"Wane magani? Laka ce da ruwan rijiya."

"Laka? Tun daga zaure na ji warinsa."

Ya sunkuya ya shaƙa. Babu komai. Ya sake shaƙa har hancinsa ya kusa taɓa ruwan. Hancin nan ya fi shekara goma da mutuwa, magani ya ƙone shi, ko miya ta ƙone a gabansa sai ya ga hayaƙi yake sani. Ya juya bokitin. A gefe, ƙarƙashin datti, ga ragowar jan fenti. Shi da kansa ya shafa shi, shekarun baya, don kada wani marar hankali ya ɗauki bokitin haɗa magani ya zuba wani abu a ciki.

Ya ari tabarau ɗin da take zura zare da shi, ya karkata bokitin wajen haske. Suna nan, sun taru a gefe, farare kamar zaren da aka tsinka, kowanne da ɗigon baƙi biyu. Sun fi hamsin. Sun fito, wataƙila tun a sa'ar farko, yana zaune a kan benci yana jiran su, sun sha abin da ya tanadar musu sun mutu.

Ya zauna a bakin rijiya, tabarau ɗin mata a hancinsa. Shekara goma sha tara ƙaryarsa na kare su, ranar da ya tashi faɗin gaskiya ya kashe su da hannunsa.

"To yanzu zama za ka yi kana kallon gawa?" in ji matar. "Kwana nawa ya rage?"

"Bakwai."

Ta shiga ɗaki ta fito da babban daron da take tarar ruwan sama da shi, wanda ko sabulu ba ta bari ya taɓa. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye.

"Ina shebur ɗin?"

Ya kawo. Ta shinshina, ta yar. Ya kawo buhu, ta yar. Ta shinshina hannun rigarsa, ta ja da baya.

"Kai kanka wari kake, Malam. Shekara ashirin da shida ina haƙuri."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Kullum ina faɗa. Kunnen ma ya bi hancin."

Washegari da sassafe ya ɗauke ta a babur, daro a kanta, fartanyar lambunta a hannu. Ba ta taɓa ganin ramin ba. Ta tsaya ta kalli tsohuwar taya da kashin awaki, ta ce, "Wannan ne? Na ɗauka wani tafki ne mai itatuwa." Ta tsayar da shi a bakin ramin da sanda a hannu. Shi yana nuni daga nesa, ita tana haƙa. Makanikai suka bar motocinsu suka zo kallon tsoho na tsaye yana ba da umarni, tsohuwa na tona ƙasa. Wani ya tambaya ko zinariya ce. Ta ce masa in ba zai taya ba ya matsa ya ba ta iska.

A bushe ya kai lakar zuwa ofis, matarsa ce ma ta sauke daron a baranda, ta cika jarkarta da ruwan rijiya ta ajiye. Ya shiga wajen Shugaba.

"Ranki ya daɗe, na farko ni na kashe su. Bokitin magani na sa."

"Kai, Baba? Kai da ka koya wa kowa jan fenti?"

"Ni ɗin. Wannan karon ke za ki zuba ruwan. Ni ba zan matso ba."

Ta fito ta zuba da hannunta. Ya tsaya taku biyar daga daron, hannaye a baya, kamar wanda aka hana shiga ɗakin haihuwa. Ruwa ya yi baƙi, sannan ya fara kwanciya. Direba ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Ta koma aikinta. Bayan azahar ta sake fitowa, ta tsuguna, ta haska fitilar wayarta a gefen daron. Ta daɗe a haka. Shi daga inda yake ba ya ganin komai sai bayanta.

"Akwai abu," in ji ta. "Idanu biyu da zare. Suna motsi. Ga wani. Kai, suna da yawa."

Ya nemi benci ya zauna.

"To ina jan da ka ce? Ina shuɗin?"

"Sai sun yi sati uku, ranki ya daɗe. Mazan kawai."

"Tifa kuma Litinin." Ta miƙe tana kaɗe siket. "Wannan zai iya zama komai, Baba. Ban ga kifi ba, ban ga ya ci tsutsa ba. Ba zan soke ba."

Ta je allon sanarwa ta zare biro. Ta ja layi a kan goma sha bakwai daga sama, ta sake rubuta shi a can ƙasan jerin, bayan ramuka tara. Tifa rami ɗaya take cikewa a sati, hadari kuwa ya riga ya fara haɗowa ta gabas da yamma. Sannan ta miƙa masa ambulan: takardar tuhuma, ya yi bayani a rubuce dalilin da ya sa ya shekara goma sha tara yana cika fayil da abin da bai yi ba. Kwana biyu yana fama da ita a kan tabarma, ya ɓata takarda shida. Abin da ya miƙa layi uku ne: "Gaskiya ne. Ban fesa ba. A zo a duba."

Ruwa ya sauka tifa na kan rami na huɗu. Bayan wata guda Shugaba ta ce a tafi. Ta ari takalmin roba a sito, ya yi mata yawa, tana tafiya yana kuka. Ta karɓi ludayin daga hannunsa. A na goma sha takwas tsomi ɗaya ta yi, tsutsa ta cika gwangwani. A na goma sha bakwai ta yi ashirin, tana zagaya bakin ramin, tana shiga cikin ciyawa inda tsutsa ta fi son ɓuya, ta ƙirga da baki. Babu. A tsomi na ashirin da uku ta ɗago da namiji. Ta juye shi a kwalbar ruwan shanta ta ɗaga wajen rana. Ya buɗe fukafukansa, jan ya kama haske.

Direba ya leƙo ta kafaɗarta. "Duk wahalar nan a kan wannan? Ko gishiri bai cancanta ba."

"Ya fi ka aiki," in ji Baba Feshi.

Ta mayar da kifin ruwa. Da suka koma ofis ta cire goma sha bakwai daga jerin tifa, ta kuma cire shi daga jerin feshi, don a daina ƙarya. An sa masa takardar gargaɗi a fayil, ta farko a shekara ashirin da shida. Ya karanta ya ce an rubuta ta da kyau, kuma babu kuskure a ciki.

Ya ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauranta. Da ruwa ya ƙafe ta kira shi. Ta ce ta zaɓi ramuka huɗu masu kama da nasa, ba za a fesa musu komai ba a damina mai zuwa. Zai riƙa ɗebo laka daga goma sha bakwai, kaɗan-kaɗan don kada a ƙarar da ƙwan, ya kai musu ya binne a tsakiya. Ta sa an sayo sabon baro da sabon shebur, an rubuta musu "kifi" da farin fenti. Ta kuma ce ta duba littafi, kifin yana da suna, mai tsawo. Ta faɗa masa sau biyu, a hankali. Kafin ya kai ƙofa ya manta.

Yanzu haka yana can yana tura baro a cikin rana, mutumin da saura shekara biyu ya ajiye aiki. Ya je roƙon a bar masa rami ɗaya ya huta, ya dawo da biyar. Ko ƙwan zai kama a sababbin ramukan, bai sani ba. Direba ya tambaye shi jiya, yana zaune a inuwar mota yana kallonsa. Ya ajiye baron, ya dafa ƙugu, ya ce sai ruwa ya sauka za a gani, in kuma yana son amsa kafin nan, ya taso ya kama masa ɗaya hannun baron.